Yini Guda A Angulem, Garin Masu Zane

Angulem ƙaramin gari ne a kudu maso yammacin Faransa. Mutanensa ba su wuce dubu 40 da 'yan kai ba, wato ko kusa da Maraɗi bai kai ba. A kan tudu yake, ganuwa ta kewaye tsohon garin, kogin Sharant kuma yana gudana a gindinsa. Da can da yin takarda aka san shi. Amma tun watan Janairu na 1974, sa'ad da wasu mutum uku, Francis Groux da Jean Mardikian da Claude Moliterni, suka shirya taron farko na masu ba da labari cikin zane, sai sunan garin ya koma ga wannan sana'a. Ita ce Faransawa ke kira "bande dessinée", wato littattafan nan da ake jera zane gida-gida, maganar kowa tana fitowa daga bakinsa cikin wata 'yar da'ira mai wutsiya. Waɗanda suka zauna lakwal kafin 1989 za su tuna da mujallar Kouakou, wadda ake wa rububi in ta iso hannun mushe. To, irin wannan ne aka tara wa duniya.

Mun halarci taro na 52, ranar Asabar 1 ga Fabrairu, 2025. Daga tashar Mamfarnas ta birnin Paris jirgin ƙasa mai gudu ya kai mu cikin awa biyu da 'yan mintoci. Tun daga bakin tasha mutum zai san inda ya zo, don kuwa a filin gabanta an kafa wani dogon dutse domin tunawa da René Goscinny, marubucin Asterix. Da muka kama hawan tudu sai muka ga har allunan sunayen tituna an yi su da siffar da'irar maganar nan. Bangayen gidaje masu hawa uku da huɗu an zane su daga sama har ƙasa, sun fi ashirin a cikin garin, kuma hukuma ce ta sa aka yi. Wani daga cikinmu ya ce da a gida ne yaro ya taɓa bangon mutane da gawayi, da ya sha dorina kafin ya gama kan doki.

Taron ba a zaure guda ake yinsa ba. An kakkafa manyan rumfunan tanti a filayen gari, kowace da irin nata kaya. Ta manyan kamfanonin ɗab'i tana filin Champ de Mars, a nan ne cunkoso ya fi yawa, ga sanyi a waje, ga zufa a ciki. Kusa da tasha akwai ta littattafan Japan da ake kira manga, waɗanda ake karantawa daga dama zuwa hagu kamar ajami. Can ne samari da 'yan mata suka yi dandazo, wasu sun yi shigar jaruman littattafan, da gashin roba shuɗi da takubban kwali. Ba mu daɗe a can ba.

Abin da ya tsayar da mu shi ne layin sa hannu. Mai zane yana zaune bayan tebur da alƙalumansa, mutane sun yi layi kowa da littafin da ya saya. In ka iso gabansa ba suna kawai zai rubuta maka ba, sai ya buɗe shafin farko ya yi maka zane sabo fil, kana tsaye kana kallo. Mun ga dattijo mai furfura ya fi awa guda a tsaye, rungume da littafinsa kamar jariri. Mun kuma ga wata uwa ta ɗaga ɗanta don ya ga yadda hannun mai zanen ke tafiya. Yaron ko ƙifta ido bai yi ba. Layi uku huɗu, sai ga fuska. A ƙara ɗigo biyu, sai fuskar ta yi fushi. Gani ya kori ji.

Kada mai karatu ya ɗauka duk masu wannan sana'a sun yi arziki. Binciken da su da kansu suka yi, aka bayyana a wannan gari a 2016, ya nuna fiye da rabinsu ba sa samun ko mafi ƙarancin albashi na ƙasar. Littafi mai shafi 48 yakan ci wa mutum shekara guda. Sai dai an ɗauki aikin da daraja. A ƙetaren kogi, in ka bi ta gadar ƙafa, akwai gidan tarihi da aka buɗe a 2009 cikin tsoffin rumbunan ajiyar giya, inda ake adana shafukan asali da masu zane suka yi da hannunsu, an sa su cikin gilashi, an rage haske don kada tawada ta koɗe. Yadda muke lallaɓa tsoffin littattafan malamanmu na Agadas da Tumbutu, haka suke lallaɓa waɗannan.

A tsakiyar gari akwai titin da aka ba sunan Hergé, mutumin Beljiyam da ya ƙirƙiro Tintin, har da gunkin kansa na tagulla. Mutane suna ta ɗaukar hoto a wurin. Mu ma mun tsaya, amma da wani tunani daban. A 1930 ne ya fara zana labarin Tintin a Kwango, alhali bai taɓa taka ƙasar ba. Baƙaƙen fatan da ke ciki duk kamarsu ɗaya, manyan leɓɓa, ƙaramin hankali, suna jiran Bature ya raba musu gardama. Da ya sake zana littafin da launi a 1946 ya cire darasin da ake koya wa yaran Kwango cewa Beljiyam ce ƙasarsu, ya sa lissafi a madadinsa, amma fuskokin suna nan yadda suke. Wani ɗan Kwango ya kai ƙara a Burusal yana neman a janye littafin daga kasuwa, kotu ta yi watsi da ƙarar a 2012. Har yau ana sayar da shi. Yaron Turai nawa ne ya fara ganin ɗan Afirka a cikin waɗannan shafuka?

Da wannan tambaya muka shiga neman namu a cikin rumfunan. Sai da muka yi da gaske. Wanda ya fi sauƙin samu shi ne Aya de Yopougon, na Marguerite Abouet, haifaffiyar Abijan, wanda Clément Oubrerie ya zana. Ya fito a 2005, a shekara mai bi ya ci kyautar littafin farko a nan Angulem. Ba yaƙi a ciki, ba yunwa. Labarin 'yan mata uku ne a wata unguwar Abijan a ƙarshen shekarun 1970, da iyayensu, da samarinsu, da cikin da aka rasa ubansa, da mazan da ke da gida biyu. Duk wanda ya taɓa zama a zango ya san mutanen nan, har da zanen da suke ɗaurawa. Mun kuma ga ayyukan Barly Baruti na Kwango. Bayan waɗannan sai ɗaiɗai, a ƙananan tebura. Da Hausa kuwa, iyakar zagayenmu, ko shafi ɗaya ba mu gani ba.

Ba rashin labari ya jawo haka ba. Sarauniya Mangu da Amina ta Zazzau da Gizo da Ƙoƙi sun isa su cika rumfa guda. Ba kuma rashin hannu ba ne: dubi bayan manyan motocin da ke bin hanyar Ƙonni, dubi allunan masu aski, dubi zayyanar allo ranar saukar Alƙur'ani. Matsalar tana ga takarda da ɗab'i da mai saye. Littafi ɗaya a nan yakan kai Yuro 15, kusan jikka 10 na sefa, kuɗin cefanen kwanaki. Duk da haka maƙwabta ba su zauna ba. Aljeriya tana da nata taron a birnin Aljas tun 2008, Kamaru ta fara Mboa BD a 2010, Legas kuma ta bi baya a 2012.

Da daddare aka raba kyaututtuka. Babbar kyautar littafin shekara ta tafi ga wani mai zane da ake kira Luz, saboda littafinsa a kan wani hoton fenti da 'yan Nazi suka ƙwace. Sunan ya sa muka dubi juna. Shi ne ya zana bangon jaridar Charlie Hebdo na ranar 14 ga Janairu, 2015, wanda ya ɓata wa Musulmin duniya rai. Kwana biyu bayan haka tarzoma ta ɓarke a Damagaram, kashegari a Yamai, mutum goma suka rasa rayukansu, aka ƙona majami'un maƙwabtanmu waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Zanen da aka yi a kan tebur a Paris ne ya iso har ƙofar gidajenmu. Wanda ya ga wannan ba zai sake cewa zane wasan yara ba ne.

Mun sayi littattafai huɗu, biyu na Aya, biyu na yara, za su tafi gida a hannun mai tafiya na farko. Muka ci burodi da cuku a tsaye, muka gangara tasha.

Taron da ya kamata ya biyo baya, na Janairun 2026, bai yiwu ba. Masu zane da yawa, ciki har da Anouk Ricard wadda aka ba babbar lambar girmamawa ta 2025, sun ce ba za su je ba saboda rashin yarda da yadda kamfanin da ke shirya taron yake tafiyar da shi. Kamfanonin ɗab'i suka bi bayansu, a watan Disamba na 2025 aka ba da sanarwar soke shi.