Kwamfutar da ta kusa raba mu

 Da yawanku kun san ɗan shagon gem ɗinmu da ke Agege, wasu ma ƙannenku ne ke cika mana benci da yamma. Mu huɗu muka haɗa shi: uku uwa ɗaya uba ɗaya, na huɗun ɗan kawunmu. Da PlayStation biyu muka fara. Da muka ga kasuwa ta soma buɗewa, sai muka ranci kuɗi a hannun Kawu muka sayi kwamfutar gem ta hannu, tokumbo, da alƙawarin za mu riƙa biyansa duk ƙarshen wata. Labarin wannan kwamfutar ne muka kawo muku, don mun san akwai masu irinta a gida ko a shago, suna fama da abin da muka yi fama da shi.

Watannin farko ba mu da ƙorafi. Yara na layi a kanta don GTA V da wasan ƙwallo. Sannu a hankali sai ta ɓullo da wani hali. Idan wasa ya riga ya buɗe, lafiya lau take gudu. Amma lokacin lodi, wato daga danna gem zuwa buɗewarsa, ko daga wani mataki zuwa wani, sai komai ya tsaya cak. Sauti ya riƙa yankewa, linzami ya riƙa tsalle a allo, ko taga ɗaya ba ka iya buɗewa. Abin da a da yake ɗaukar kamar minti ɗaya ya koma huɗu, wani lokaci biyar.

Wanda bai taɓa wannan sana'a ba zai ce minti huɗu ai ba komai ba ne. Mu kuwa lokaci muke sayarwa. Yaro ya biya kuɗin minti talatin, biyar sun tafi yana kallon allo, dole ya yi ƙorafi. Ka ƙara masa lokaci, na bayansa ya tashi ya tafi wani shagon. Ƙarshen wata ya zo, kuɗin Kawu bai cika ba. Bai ce mana uffan ba, amma mu mun san nauyin da ke kanmu.

A nan rigima ta soma a tsakaninmu. Babban yayanmu ya ce katin hoto ne ya tsufa, a ƙara cin bashi a sayi sabo. Ɗan kawunmu ya ce a sayar da ita ko da asara ne, a huta. Mu ukun kuma muka haɗu a kan abu ɗaya: laifin autanmu ne. Shi ke kwana a shagon, kuma mun taɓa kama shi yana sauke finafinai da dare, don haka muka yanke cewa shi ya kwaso mata cuta daga intanet. Ya rantse ya maya, ba wanda ya saurare shi. Sai da ya yi kwana uku bai leƙo shagon ba, abinci ma a ɗaki yake ci shi kaɗai.

Wanda ya warware mana wani ɗan uwa ne mai gyaran kwamfuta a Ikeja, da muke haɗuwa da shi a masallaci. Da muka kai masa kuka, bai ce mu kawo ta ba. Cewa ya yi: "Kada ku sayi ko kusa ɗaya tukuna. Ku buɗe gem, yana cikin lodi ku danna Ctrl da Shift da Esc tare, ku karanto mini abin da kuka gani."

Abin da ya fito shi ne Task Manager, tagar da ke nuna nauyin da kowane sashe na kwamfuta yake ɗauke da shi. Katin hoton da Yaya yake zargi kusan zaman banza yake yi. Faifan ajiya kuwa ya maƙale a kashi 100, ba ya sauka, ram ɗinmu mai GB 8 shi ma ya kusa cikewa. Wannan kaɗai ya kashe maganar sabon katin hoto. Aikin katin shi ne zana abin da ido ke gani yayin wasa. Lokacin lodi kuwa, yawancin aikin na faifan ajiya ne da ram da furosesa.

Da misalin kasuwa ya fahimtar da mu. Ya ce mu ɗauki faifan ajiya a matsayin sito, ram a matsayin teburin gaban shago, furosesa kuma shi ne mai shago. Lodi shi ne kwaso kaya daga sito zuwa tebur. Idan tebur ya cika, Windows yakan mayar da wasu kayan sito don a samu wuri, in an buƙace su kuma a sake ɗaukowa. To sitonmu ƙofa ɗaya gare shi, ƙarama. Ta nan kayan gem ke fitowa, ta nan rarar tebur ke komawa, ta nan kuma duk wata manhaja da ke aiki a ɓoye take shige da fice. Shi ya sa ba gem kaɗai ke tsayawa ba, har linzami da sauti.

Faifan namu irin na da ne, mai juyawa. A cikinsa akwai faranti da ke juyawa sau 7200 a minti, da wata allura da ke kai da kawo tana neman bayani, kamar garmaho. Idan babban fayil ɗaya yake karantawa a jere, yakan ba da megabayit ɗari da wani abu a sakan. Idan kuwa ƙananan fayiloli ne barkatai, kamar yadda lodin gem yake buƙata, saurin yakan faɗi ƙasa warwas, domin allurar a tafiya take ƙarar da lokacinta. SSD ba shi da abin da ke motsi a ciki. Na SATA yakan kai kusan megabayit 550 a sakan, na NVMe kuma yakan haura 3000.

Duk da haka ya hana mu gaggawar saye. Ya ce a fara da abin da ba ya cin kobo. Muka kashe manhajojin da ke tashi da kansu duk sanda aka kunna kwamfuta, mun same su sun fi goma. Muka daina barin burauza a buɗe da shafuka rututu. Muka mayar da sabunta Windows da binciken cuta zuwa safiya, kafin kwastomomi su zo. Muka kuma yi wa kwamfutar cikakken bincike: ba cuta ko ɗaya. Abin ya ɗan yi sauƙi, amma bai warke ba.

Sai muka koma kan zafi. Mun lura ta fi nauyi da rana tsaka. Muka saka HWMonitor, muka ga furosesa yana haura digiri 90. Idan ya kusanci iyakarsa, da kansa yake rage gudu don kada ya lalace. Da muka buɗe akwatin sai muka ji kunya. Shagonmu a bakin titi yake, ƙura ta danƙare fanka da ƙarfen sanyaya kamar an shimfiɗa bargo. Muka cire wuta, muka hure ƙurar muna riƙe da fankar don kada ta yi ta juyawa, muka goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen, muka shafa sabo. Zafi ya sauka, nauyin rana ya tafi. Lodi dai yana nan da jansa.

A mataki na uku ne muka gano inda gizo ke saƙa. Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta, CrystalDiskInfo, da ke karanta rahoton lafiyar da faifai yake ajiyewa game da kansa. Namu launin rawaya ya nuna, alamar gargaɗi: wasu gurabe a farantin sun lalace, faifan yana ta maimaita karatu a kansu kafin ya wuce. Mai gyaran ya tambaye mu sau nawa wuta ke ɗaukewa kwamfutar na kunne. Muka dubi juna. Tsakanin ɗaukewar NEPA da tayar da janareto, a rana takan mutu farat ɗaya sau biyu ko uku. Ya ce faifan dama ya sha aiki kafin ya zo hannunmu, irin wannan mutuwar kuma ba ta yi masa daɗi. Tun farko an ba mu shawarar sayen UPS, wato batirin da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, mu manyan ne muka ce ɓarnar kuɗi ce.

Washegari muka shiga Computer Village, muka sayi SSD mai GB 500, da ƙarin ram mai GB 8 irin wanda ke ciki don su yi aiki tare, da ƙaramin UPS. Duka kuɗin bai kai na katin hoton da muka so saya ba. Muka kwashe abin da ke da amfani daga tsohon faifan tun bai ƙarasa mutuwa ba, muka ɗora Windows da gem ɗin a kan sabon.

Buɗewar farko ta tsorata mu, don wani gem ɗin ya daɗe yana lodi, fanka na ihu. Yaya har ya dafe kai. Ashe hakan ba matsala ba ce: wasu gem ɗin, a karon farko ko bayan an sabunta direban katin hoto, sukan tsaya su shirya lissafin haske da inuwa su ajiye. A karo na biyu ko minti ɗaya bai cika ba ya buɗe, linzami kuma ko gezau.

Wani abu da muka koya a hanya shi ne, wani jinkirin daga gem ɗin kansa yake. GTA V ya fito a kwamfuta a 2015, kuma shekaru mutane na kukan daɗewar lodin ɓangarensa na intanet, GTA Online, har masu kwamfutoci masu tsada. A 2021 wani mai rubuta manhaja ya gano cewa gem ɗin yana ɓata lokaci wajen karanta wani fayil mai kusan megabayit 10 ta doguwar hanya, ya kuma nuna gyaran da ya rage lodin da kusan kashi 70 cikin 100 a kwamfutarsa. Kamfanin Rockstar ya amince da binciken, ya fitar da gyara, ya ba shi dala 10,000. Saboda haka idan gem ɗaya ne kawai ke jinkiri sauran lafiya, a fara sabunta shi kafin a taɓa aljihu.

Gyaran da ya fi mana wuya ba na inji ba ne. A daren da abin ya daidaita, Yaya da kansa ya je ɗakin autanmu ya ce: "Auta, ka yafe mana, mun ɗora maka laifin da ba naka ba." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce: "Ba komai Yaya, ya wuce." Amma mun san ya ji ciwo, don zato muka bi muka yanke masa hukunci, alhali taga ɗaya da za mu buɗe ta isa ta wanke shi. Yanzu shi ke kula da kwamfutar: duk sati biyu yana hure ƙura, duk wata yana duba lafiyar faifai. Kuɗin Kawu kuma saura biya biyu mu kammala, in Allah ya yarda.

Duk wanda tasa ke wannan hali, ya duba Task Manager a daidai lokacin da take nauyi, ya rage manhajojin ɓoye, ya auna zafi, ya duba lafiyar faifai, sannan ya yi maganar saye. Wanda abin ya shige masa duhu ya biyo ta shagon bayan la'asar, za mu duba tare, ba sai ya biya ba. Allah ya sa wa nemanmu albarka baki ɗaya.