Bindiga Mai Baki Biyu

Bahaushe ba ya barin bindiga ta shigo ƙasarsa ba tare da ya raɗa mata suna ba, kuma daga halinta yakan ciro sunan. Wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a daddaka, ya kira ta adaka, ko bindigar toka. Da ya lura cewa idan ta tashi sau ɗaya sai an koma an sake yi mata ɗuri, alhali abin da aka harba bai yi alkawarin jira ba, sai ya ƙara mata da harba-ka-ruga. Ta soja, wadda harsasanta ke jere a ɗamara, ya ce mai jigida. Mai bututu biyu kuwa ya ce mai baki biyu, ya huta. Sai dai mai baki biyun da ya sani ita ce wadda bututunta ke kwance kafaɗa da kafaɗa, irin wadda Turawan mulki kan fita da ita bayan gari da yamma. Akwai ƙanwarta, wadda aka ɗora mata bututu ɗaya bisa ɗaya. Ita ba ta yawaita a hannun mutanenmu ba balle ta sami suna, kuma ita ce muka shafe shekara huɗu muna son mu saya.

Muna da 'yar gona a Uke, kan hanyar da ta taso daga Abuja ta ratsa Mararaba da Masaka ta nufi Keffi. A takarda garin yana cikin ƙaramar hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, amma a zahiri Abuja ce ke numfashi a kansa, domin kowace shekara sai mun tarar da sabon shinge a inda muka bar kurmi. Ba noman kirki muke yi ba, noman malamin jami'a ne: masara da gyaɗa kaɗan, da hujjar barin allo da takardun jarrabawa ranar Asabar. A can muka saba da wani dattijo maharbi, maƙwabcinmu a gona, wanda muke kira Baba. Ranar da muka nuna masa hoton bindigar a waya, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, "Malam, ai wannan goyo ta yi." Tun daga ranar muke kiran ta mai goyo, kuma muna ba masu ƙamus shawara su karɓi sunan.

Mai karatu zai so ya san abin da ya kai malamin adabi ga sha'awar bindiga. Mun fara ganin ta ne a Ingila, lokacin da muka je wani taron ƙara wa juna sani, wani abokin aiki ya kai mu filin da ake harbin faifai. Faifan ɗan ƙarami ne, faɗinsa santimita 11, nauyinsa ya ɗan ɗara giram 100. Na'ura ce ke cilla shi sama kamar tsuntsu ya tashi daga ciyawa, maharbi ya bi shi da bakin bindiga, in ya dace sai faifan ya tarwatse ya zama ƙura. Turawa na kiran sa tantabarar yumɓu, ko da yake na yanzu ba da yumɓu ake yin sa ba, garin farar ƙasa ne ake kwaɓawa da wani abu mai kama da kwalta. Sunan ya samo asali ne daga zamanin da tantabaru masu rai ake saki daga akwati ana harbewa don wasa. A gasar Olamfik ta birnin Faris a 1900 an kashe tsuntsaye kusan 300 ta wannan hanya. Wani Ba'amurke mai suna George Ligowsky ne ya ƙago faifan tun wajen 1880, Ingila kuma ta haramta harbin tsuntsun akwati a 1921. Wato dai mutanen da suka fi kowa son harbi sun zauna sun raba gwaninta da kisa, suka riƙe gwanintar. Wannan ya burge mu, har yau kuma yana burge mu.

Ita kanta bindigar abar kallo ce. Ba harsashi guda take fitarwa ba, tarin ƙananan ƙwayoyin dalma ne ke fita su bazu, shi ya sa ta dace da abin da ke tashi sama, kuma ba ta cin dogon zango. Wadda aka fi amfani da ita ana ce mata lamba 12, ma'anar lambar kuwa tsohon lissafi ne: idan aka raba laba guda ta dalma gida 12 aka mulmula, kowane curi zai cika bututun daidai. Hikimar goyon ita ce ido ba ya rabuwa, layi ɗaya yake bi har zuwa abin harbi. Yawanci kuma bakin bututun ƙasa ya fi buɗewa, don harbin farko tsuntsu yana kusa, na sama ya fi tsukewa, don harbi na biyu bayan ya yi nisa. Kamfanin Boss na Landan ya fito da samfurinsa a 1909, amma na masu hannu da shuni ne. Wadda ta kai ta hannun talakan maharbi ita ce ƙirar ƙarshe ta John Browning, wanda ya rasu a 1926, aka fara sayar da ita a 1931.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne yadda ake riƙe ta. Bindiga ce mai karyewa a tsakiya. Idan maharbi ya gama, sai ya danna wani ɗan ƙarfe, ta buɗe, ya zare harsasai, ya rataya ta a hannu bakinta na kallon ƙasa. Duk wanda ya hango shi daga nesa ya san babu abin da za ta iya yi a wannan hali. A filin nan na Ingila mun ga mutum talatin ko fiye, kowa da bindiga a karye, suna shan shayi suna hira. Karyewar nan sallama ce, kuma kowa a wurin ya iya amsa ta. Mu da aikinmu shi ne koya wa ɗalibai cewa alama ba ta da ma'ana sai a tsakanin mutanen da suka yarda da ita, mun dawo gida da tambayar ko akwai mai amsa wannan sallama tsakanin Uke da Mararaba.

Maganar doka ba ta da tsawo. Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa su gida uku. Akwai na yaƙi, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai na amfanin kai, inda mai goyo ta faɗo, izininsu yana hannun Sufeto-Janar na 'yan sanda. Sai na ɗuri, irin ta Baba, waɗanda aka bar wa kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko wanda aka hukunta kan laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Wannan rabo yana da tsohon tushe, domin tun a yarjejeniyar Birasels ta 1890 ƙasashen Turai suka amince a hana 'yan Afirka bindigogin zamani, a bar musu na ɗuri. A watan Agusta na 2023 Sufeto-Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ba da sanarwar dakatar da bayar da sabon lasisi saboda yawaitar makamai a ƙasa. A shekarar ce kuma darajar naira ta faɗi, kuɗin da muka tara ya koma bai kai rabin farashi ba. Wani ya yi mana raɗa cewa akwai hanyar da ba ta bi ta ofis, muka ce ya riƙe hanyarsa.

Ba doka ce ta fi ba mu wahala ba, kuma ba kuɗi ba ne. Maiɗakinmu ce ta fara taɓo inda ke ciwo. Ta ce, "Malam, tsuntsu kake so ka harba, na ji. To wanda ya ji labari a gari cewa akwai bindiga a gidan nan, tsuntsu zai kawo a ransa?" Ta lissafa mana mutum uku. Na farko maƙwabci, wanda zai ce ashe Malam ya san wani abu da ba mu sani ba. Na biyu 'yan sintirin unguwa, waɗanda za su ce tunda yana da ita sai ya fito gaba. Na uku shi ne wanda ba a ambaton sunansa da dare, wanda bindiga ta fi masa talabijin da mota daraja, zai kuma zo nemanta da wadda ta fi ta. Ba mu sami amsar ko ɗaya ba.

Kalmar ma kanta ta sauya a bakinmu. A da, idan aka ce 'yan bindiga, dakarun sarki ake nufi, waɗanda har yau suke gaba a hawan Salla a Kano da Katsina da Zariya, suna sakin adaka hayaƙi na turnuƙewa, yara na toshe kunne suna dariya. Yau idan rediyo ya ce 'yan bindiga, babu wanda fada ke zo wa a rai. Mun gwada wannan a aji: muka rubuta kalmar a allo muka ce kowa ya faɗi abin da ya fara tunawa, aka yi ta ambaton Zamfara da Birnin Gwari da hanyar Kaduna, ba a sami ko mutum ɗaya da ya ce hawan daushe ba. Cikin shekarun da ba su kai ashirin ba, ɓarayin daji sun ƙwace kalma sukutum daga hannun sarakuna. Hukuma ma bakinta biyu a kan lamarin: a watan Yuni na 2022 Gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, bayan shekara guda kuma aka rufe ƙofar lasisi daga Abuja.

Maharbi kuwa, wanda adabinmu na baka ya cika da kirarinsa, mutumin da ke sa kan burtu ya yi rarrafe har ya shiga tsakiyar namun daji, mai sarautar Sarkin Baka, mai sanin saiwa da ganye, shi ma bai tsira ba. Ƙasa ta nemi taimakonsa lokacin da ta matsu. Maharba na cikin waɗanda suka taimaka aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram a 2014, kuma mutanen Arewa ba su manta da Ali Kwara na Azare ba, wanda ya rasu a 2020 bayan ya shafe shekaru yana farautar 'yan fashi. Amma a ƙarshen watan Maris na 2025, ana gab da ƙaramar Salla, wasu mafarauta 'yan Jihar Kano suna komawa gida daga Jihar Ribas a cikin babbar mota, 'yan sintiri suka tare su a Uromi ta Jihar Edo. Aka ga bindigogin toka a cikin kayansu, aka yi kururuwar masu satar mutane ne, taron jama'a ya kashe mutum 16. Bindigar da doka ta ajiye a matakin ƙasa, wadda ko Turawan 1890 ba su ji tsoron bar mana ba, ita aka gani aka yanke hukunci. Babu wanda ya tsaya tambayar me ake harbi da ita.

Ba mu ce tsoron mutane ba shi da dalili ba. Wanda aka taɓa ɗauke masa ɗa daga gona ba za a ce ya tsaya bambance bututu ba. Abin da muke gani shi ne rufe ƙofar lasisi bai rage ko bindiga ɗaya a dajin Zamfara ba, domin masu AK-47 ba su taɓa cika fom ba. Wanda ya tsaya a layi da hotonsa da takardar likita shi kaɗai aka sallama. Da za a yi wa maharba rajista ta gaskiya, da shaidar da ɗan sintiri a kowace jiha zai gane, da filayen harbin faifai a buɗe inda matashi zai koyi cewa bindiga tana da ladabi kafin ya koyi tana da ƙara, da wataƙila an fara dawo wa kalmar da rabin ma'anarta. Ƙasashen Larabawa sun yi nisa a wasan: Ahmed Al Maktoum na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya ci zinare a Atina a 2004, Fehaid Al-Deehani ɗan Kuwaiti ya ci a Riyo a 2016, duka da irin bindigar nan mai goyo.

Baba bai damu da Olamfik ba. Shi kukansa tsuntsayen ne. Ya ce da, idan aka yi girbi, zabin daji garke-garke suke sauka a gonakin bakin kogi, fakara kuwa ita ke tashin mutum da asuba. Yanzu maganin feshi ya cinye ciyawar da suke ƙwai a ciki, masu gidajen sayarwa sun cinye sauran. "Ko ka sayo ta, Malam," in ji shi, "bakin sama zai yi tsatsa, don ba za ka sami na biyun da za ka harba ba."

Bayan girbin bara ya yarda muka bi shi. Mun fita kafin rana ta ɓullo, muka yi ta zagaya gefen wata fadama har hantsi, ya harba sau ɗaya, ya sami fakara ɗaya. Da za mu dawo sai ya zauna a gindin wata ɗorawa ya kwance bindigar, ya naɗe ta a tsumma, ya zura cikin buhun taki, ya ɗora karan dawa a kai ya ɗaure kamar mai kai wa awaki abinci. Takardar izininsa tana aljihu cikin leda, ta yi laushi don ninki. Daga inda muke ana jin motocin Abuja, kuma ta bakin kwalta tafiyar ba ta fi ta minti ashirin ba. Ya ce mu bi ta cikin gonaki. Sai da muka yi awa guda da 'yan mintoci kafin mu iso gari.