A Bar Wa Yara La'asar

Mu da muka fito daga ƙasar Daura, ko birni ko Zango ko Mai'aduwa ko Sandamu, kusan dukanmu da allo muka fara. Malamin allo kuwa ba ya wasa da karatu, dorina tana nan gefen buzu. Amma duk tsananinsa, in an kai kuɗin Laraba an tashi, sai a jingine alluna, Alhamis ta yara ce har zuwa Juma'a. Malamai sun ce tun zamanin Sayyidina Umar aka ajiye hutun nan. Imamu Gazali ma, wanda ya rasu a 1111, ya gargaɗi masu tarbiyya cewa yaron da aka hana wasa bayan karatu basirarsa takan dushe, har ya shiga neman dabarar gudun makaranta.

Turawa da suka buɗe Kwalejin Katsina a 1921 su ma ba su cika yini duka da littafi ba. Da la'asar sai kowa ya fita fili, waɗansu kurket, waɗansu wasan nan na buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu can daga 1926 zuwa 1931, gwaninsa ne, bai kuwa bar shi ba har yana Firimiya. Lalle Turawa suna da nasu nufi, wasan kuma kusan tilas ne, wanda ba ya so ma sai ya yi. Duk da haka ba mu ji an ce ƙwallo ta rage wa mutanen nan ilmi ba.

To, yau fa? An kafa WAEC a 1952, JAMB a 1978, NECO a 1999. Yaron da ya kai ajin ƙarshe na sakandare yakan gamu da uku ɗin nan cikin 'yan watanni, shirinsu kuma yana faɗowa daidai bazara, sa'ad da zafin Daura ke hana babba ma barci. Ya taso daga aji, a ce ya koma lesin. Asabar lesin, hutu lesin, ga Islamiyya, ga aikin gida, da dare kuma ya dinga haddace amsoshin bara da fitilar waya.

Ba mu ga laifin iyaye ba ƙwarai. Manomin da ya sayar da akuya ko buhun gero ya biya kuɗin jarrabawa, in ya ga ɗansa yana langa a ƙofar gida dole ransa ya ɓaci, gama faɗuwa shekara guda ce ta tafi, watakila kuma ba sauran akuya. Laifin ya fi kusa da mu malamai, da mu da muke koyon malanta, domin mu ne muke ganin abin da gajiya ke yi a aji. Yaro yana kallon allo, ido buɗe, zuciya tana barci. Ya iya faɗin amsa, in ka juya masa tambayar kaɗan sai ya yi tsuru. Wanda tsoro ya cika masa ciki kuwa, shi ne yakan fara tunanin shiga da 'yar takarda a aljihu.

Kuma wa ya ce wasanninmu wofi ne? Ku dubi dara: gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, mutum yana neman jera uku, yana kuma lissafin abin da abokinsa zai yi nan gaba. Ba mu san darasin lissafin da ya fi wannan sa yaro ya natsu ba. 'Yan mata a dandalin gaɗa suna ƙaga waƙa nan take, abin da muke fama su yi a takarda su kasa. Yaron da ya tsaya kallon hawan Sallar Gani, ya ji kirarin sarakuna, ya leƙa rijiyar Kusugu, ya san Bayajida fiye da wanda ya haddace shi don maki.

Abin da muke roƙo kaɗan ne. In an tura mu makarantu, daga sallar la'asar zuwa magariba a bar wa yara, ko da jarrabawa saura mako guda. Malami kuma ya tuɓe babbar riga ya fito fili tare da su, don uban da ya hango daga nesa ya san da izini ake yi. Daren jarrabawa kuwa a karɓe littattafai bayan lisha, a mayar musu da safe.