Shaidar Jelar Mota

A bayan wani tsohon gareji da ke Fagge, a birnin Kano, akwai wata rumfa inda waɗansu dattawa huɗu suke taruwa kullum bayan sallar la'asar. Uku daga cikinsu tsofaffin direbobi ne, na huɗun kuwa bakanike ne wanda ya ba tamanin baya, idanunsa kuma sun yi yana har ba ya gane mai gaishe shi sai ta murya. Dukkansu sun shiga sana'ar mota ne tun suna yara, a zamanin da dogayen motocin Amurka suke cikin abubuwan hawan sarakuna da ministoci da manyan attajirai. Saboda haka hirarsu ba ta cika wuce Chevrolet da Pontiac da Buick da Cadillac ba.

Wanda bai sani ba sai ya ɗauka surutun tsufa ne kawai. Alhali kuwa ilmi ne mai ƙa'idoji. A wancan lokaci kamfanonin Amurka sukan sauya fasalin mota kusan kowace shekara domin su sa mai tsohuwa ya ji kunya ya sayi sabuwa, kuma wannan dabarar ciniki ita ce ta bar wa kowace mota shekarunta a rubuce a jikinta. Alal misali, Buick ana gane ta a yawancin shekaru da 'yan ramuka uku ko huɗu a gefen madigadin gaba, waɗanda aka fara yi mata a 1949. Pontiac tana da zanen farin ƙarfe da ya bi ta kan murfin inji, ba a kuwa daina shi ba sai bayan ƙirar 1956. Chevrolet ba ta yi fitilun gaba huɗu ba sai a 1958. Dattawan nan ba su karanta wannan a littafi ba, hannuwansu ne suka wanke motocin, suka kwance su, suka ɗaura.

Wata rana wani malamin makaranta mai ritaya ya yi musu sallama, riƙe da ambulan. Bayan an gaisa, sai ya zaro wani tsohon hoto wanda ya koɗe, gefensa guda ma ya yage. A ciki wani mutum ne sanye da kakin direba, ya jingina da bayan mota, yana rungume da jariri. Malamin ya ce wannan mahaifinsa ne, wanda ya rasu shi yana ɗan shekara biyu, kuma ba shi da wani hotonsa sai wannan. 'Ya'ya biyu kaɗai marigayin ya haifa. Na farin an haife shi, ya kuma koma, a shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna, wato 1956. Shi kuwa an haife shi a 1960. Dangi sun rabu biyu a kan ko wane ne jaririn, kuma waɗanda za su iya raba gardamar duk sun kwanta dama. Abin da yake so ya sani shi ne, ko shi ne uban nan ya runguma.

Ɗaya daga cikin direbobin ya karɓi hoton, ya nisanta shi da idonsa, ya ce ai wannan Cadillac ce, ga jelarta nan. Ya ƙara da cewa tun 1948 Cadillac take da jela, don haka ba abin mamaki ba ne a ce a shekarar Sarauniya aka ɗauki hoton. Malamin bai ce uffan ba, sai ya sunkuyar da kai. Na biyu ya ce Buick ce, amma da aka nemi ramukan madigadi sai aka tarar gaban motar yana cikin ɓangaren da ya yage. Nan fa gardama ta kaure, kowa ya shiga kawo motar ubangidansa na dā, har aka so a manta da baƙon. Wannan kuwa ita ce illar masana irin waɗannan: sun fi son labarin da tambaya ta tuna musu a kan tambayar kanta.

Sai tsohon bakaniken ya yi gyaran murya. Ya ce, "Malam, matso kusa. Ni ba na gani, kai za ka zama idona. Jelar nan a tsaye take ko a kwance?"

Malamin ya duba, ya ce, "Baba, a kwance take, ta buɗe gefe kamar fiffiken shirwa."

"To, ba Cadillac ba ce. Tata a tsaye take tun daga farko har ƙarshe. Ta farkon 'yar ƙarama ce, a ƙarƙashin fitilarta ta hagu ake zuba fetur. Ta 1959 kuwa doguwa ce mai fitilu biyu kamar harsashi. Yanzu duba ƙarƙashin fiffiken. Fitilun zagayayyu ne, biyu ko uku a jere?"

"A'a, Baba. Guda ɗaya ce doguwa, mai faɗi ta waje, ta tsuke ta ciki."

Tsohon ya yi murmushi, ya ce idon kyanwa ke nan. Ya bayyana cewa Chevrolet ce ƙirar 1959, kuma a wannan shekarar kaɗai aka yi mata irin wannan fitila, domin ta 1958 zagayayyu ne fitilunta, ta 1960 ma aka koma wa zagayayyun. Ko Impala ce, ko Bel Air, ko Biscayne, wannan ba zai iya yankewa ba sai da ganin adon gefenta, amma shekarar ba ta da shakka. Sa'an nan ya yi wata magana wadda ta nuna tsantseninsa. Ya ce mota ba ta faɗin ranar da aka ɗauki hoto, iyakarta ta faɗi ranar da ba a riga an ɗauka ba. Irin wannan ƙira ba ta fito ko a can Amurka ba sai a ƙarshen 1958, balle a sako ta a jirgin ruwa zuwa Ikko. Yaron da ya rasu a 1956 bai taɓa zama duniya ɗaya da motar nan ba.

Malamin ya daɗe yana kallon hoton. Shekara sittin da 'yan kai yana duban wannan jariri a matsayin wansa, yana ɗan jin kishin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya sa hannu a aljihu zai yi alheri, tsohon ya ji motsin takardar kuɗi ya ce ya mayar, abin da yake so kawai a sake kwatanta masa bambar bayan, ko tana nan da ƙyallinta.

Bayan baƙon ya tafi, direban da ya ce Cadillac ce bai sallama ba gaba ɗaya, ya ce hasken rumfar ne bai isa ba. Daga nan hira ta koma kan abin da ya kawar da waɗannan motoci daga titunan Arewa. Ɗaya ya ɗora laifin a kan shan fetur da wuyar kayan gyara, ɗaya ya ce tun da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975 magana ta ƙare. Aka gaya wa tsohon bakaniken cewa ita Pontiac ma an daina ƙera ta tun 2010. Ya ce shi ba a sanar da shi ba, ya lalubo butarsa, domin an fara kiran magariba.