Jirgin ƙasa na tafe, yaya gurgu zai hau?

Jama'a, maganar jirgin ƙasa ta cika gari. A kasuwar Maradi ita ake yi. A ƙofar fadar Sarkin Gobir a Tibiri ita ake yi, haka ma a lambunan Jiratawa. Ran 9 ga Fabrairu 2021 ne shugaban Najeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa dogo daga Kano zuwa Maradi. Tsawon hanyar kilomita 284. An tsara ta bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, sannan ta tsallako iyaka. Wani kamfani na ƙasar Fotugal mai suna Mota-Engil aka ba aikin. Kuɗin kuwa sun kusa dala miliyar 2. Dalar Amurka fa nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba.

Kowa da abin da yake hange. Ɗan kasuwa yana lissafin buhu nawa tarago ɗaya zai ɗauka. Mai lambu yana tunanin inda zogalensa zai kai kafin ya bushe. Direban babbar mota yana jin tsoron abin da zai sami sana'arsa. Ni kuwa tambayata ƙarama ce. Ran da jirgin ya tsaya a tasha, aka buɗe ƙofa, yaya gurgu zai shiga?

Da yawa daga cikinmu ba su taɓa hawa jirgi ba. Tun 1911 dogo ya iso Kano, kuma gyaɗar kakanninmu ta sha tafiya can don ta hau shi, amma su kakannin a gida suka zauna. A nan Nijar an shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140, aka buɗe shi a 2016, amma bai zama hanyar tafiyar jama'a ba. Saboda haka bari in bayyana yadda abin yake.

Tarago ɗaki ne mai tsawo, bisa ƙafafun ƙarfe. Daɓensa yana sama ƙwarai. A yawancin jirage ya zarce mita ɗaya daga kan dogo, wato ya wuce ƙugun babban mutum. Shi ya sa ake gina dakali a gefen dogo, inda fasinja ke tsayawa. In dakalin gajere ne, sai an taka matakalar ƙarfe uku ko huɗu, masu tsayi, marasa faɗi, ana riƙe da ƙarfen gefen ƙofa. In kuwa an ɗaga dakalin har ya yi daidai da daɓen tarago, sai mutum ya shiga kamar yadda yake wucewa daga zaure zuwa tsakar gida. Ba hawa, ba sauka. Mai keken guragu ya tura kekensa ya wuce.

Wata yamma a ajinmu na Jiratawa na zana waɗannan dakali biyu a allo. Ina cikin bayani, sai wani dattijo da ya daɗe yana dillancin shanu ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malam, ai wannan ba sabon abu ba ne. Mu a kara haka muke yi. Ka taɓa ganin an ɗaga bijimi an jefa shi cikin mota?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ya ce, "To. Tudu ake tarawa, mota ta yi baya ta jingina da shi, sa ya taka da ƙafarsa ya shiga. Don in ya karye, asarar mai shi ce."

Aji ya yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Don kuwa a cikin ajin akwai wata mata wadda shan inna ta kama tun tana yarinya, da keken hannu take zuwa. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba ya faɗi gaskiya. Ni kam ɗaga ni ake yi."

Na san halin da take ciki, don mun sha haɗuwa a bakin hanya. Tana saƙa tana kuma sayar da ƙuli-ƙuli, kuma tana zuwa Maradi sayen kaya. In mota ta tsaya, sai yaran mota biyu su kama ta, ɗaya a hammata ɗaya a ƙafa, su cusa ta ciki. Matar aure ce, mai ƴaƴa, ga maza cike da mota suna kallo. Sannan a jefa keken bisa mota, a ɗaure da igiya tare da buhuna, a ce ta biya kuɗin kaya. Sau biyu ana sauko mata da shi a lanƙwashe. Wani direban ma in ya hango keken tun daga nesa, sai ya ƙara wuta. Wata rana na tarar da ita a tasha tun hantsi. Na ce, "Yaya, har yanzu kina nan?" Ta ce, "Mota huɗu sun wuce, Malam. Duk da wuri a ciki."

Ba ta roƙon kowa kuɗin mota. Kuɗinta na ɗaure a bakin zane. Abin da ta rasa shi ne ƙofar da za ta shiga da kanta.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. An yi shelar kawar da asalin ƙwayar shan inna daga Afirka a watan Agusta 2020, alhamdu lillahi, amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan cikinmu, manya ne yanzu masu iyali. Ga waɗanda haɗarin kabu-kabu ya karya. Ga masu zuwa asibitin Danja, wanda tun 1956 yake kula da masu ciwon kuturta. Mutumin da ya rasa yatsu, da me zai riƙe ƙarfen ƙofar tarago ya ja jikinsa sama? Ga tsofaffi masu ciwon gwiwa. Ga mai tsohon ciki, ga mai goyo da kaya a ka. Kai da ke da lafiya yau, in Allah ya ba ka tsawon rai, da sanda za ka iso tashar nan.

Yanzu ga ɗan lissafi, don wanda ya san awo ba a rufe masa baki.

Na farko shi ne tsakanin bakin dakali da bakin ƙofa. Ba a manna su, don jirgi yana ɗan rangaji in yana tafiya. Dole a bar rata. Amma in ratar ta yi faɗi, ƙaramar ƙafar keke za ta faɗa ciki, ko sandar makaho, ko ƙafar yaro. A ƙasashen Turai an yanka awo. Kafin a ce ana shiga ba hawa, kada ratar ta wuce santimita 7 da rabi, kamar faɗin yatsu huɗu ke nan. Bambancin tsayi kuwa kada ya wuce santimita 5, kamar yatsu uku. In dakali yana kan kwana, ratar na ƙaruwa, shi ya sa ake son gina tasha inda dogo ya miƙe sak.

Na biyu shi ne yadda za a hau dakalin kansa. In an ɗaga shi, aka sa masa matakala daga waje, an dai matsar da wahalar ne daga nan zuwa can. Sai an yi masa gangara, wato hanya mai tashi sannu sannu. Awon da magina suka sani shi ne, kowane taki ɗaya na tsayi a ba shi aƙalla taki 12 na tsawo. Dakali mai mita ɗaya, gangararsa mita 12 ke nan, a kuma bar wurin hutawa a tsakani. Mun auna wannan da igiya a filin aji. Mutane suka ce, "Kai, har can?" I, har can. Gangarar da ta fi wannan tsini ta ado ce kawai. Akwai irinta a ƙofar wasu ofisoshi cikin gari, wadda ko jaki sai an kore shi zai hau. Mai keke in ya gwada ta, baya zai kifa.

Akwai wata matsala da ya kamata in faɗa, don kada a ce na sauƙaƙa abin. Hanyar nan ta mutane ce da kaya. Taragon kaya wani lokaci ya fi na fasinja faɗi, kuma dakali mai tsayi in ya matso sosai, zai iya gogar sa. Masu aikin jirgi sun san maganin wannan. Ko dai a ware wa jirgin kaya nasa layi a cikin tasha, ko a sa wa ƙofar tarago wani farantin ƙarfe da ke fitowa ya rufe ratar in jirgi ya tsaya. Wasu wuraren kuma ma'aikaci ne ke ɗauko faranti ya shimfiɗa. Wannan na ƙarshe ya fi babu, amma ni bai kwanta mini ba. Ran da ma'aikacin ya tafi cin abinci, ko farantin ya yi ƙafa, an koma gidan jiya.

Haka kuma in tasha na da dakali biyu, sai an tsallaka dogo. Yawanci gadar sama ake yi, mai matakala da yawa, a sa na'ura mai ɗaga mutane a gefe. Na'urar nan da wutar lantarki take aiki. Mu kuwa mun san halin wuta. Daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, kowa ya ga yadda aka zauna. Gangarar siminti ba ruwanta da wuta. Abokan gabarta biyu ne, rairayi da mutane. Iska za ta tara mata yashi, sai an riƙa sharewa. Mai shayi kuma zai ga wuri shimfiɗaɗɗe ya kafa teburinsa, ɗan kabu-kabu ya gicciya babur. Wannan kam aikinmu ne, ba na gwamnati ba.

Makaho kuma fa? Shi babban haɗarinsa bakin dakali, don in ya zarce taki ɗaya, kan dogo zai faɗa. Wani mutumin Japan mai suna Seiichi Miyake ya ƙago bulo mai ƙuraje-ƙuraje, aka fara shimfiɗa shi a garin Okayama a 1967. Ana jera shi a gefen dakali. Da ƙafa ko sanda ta taɓa, makaho ya san ya iso baki. Kurma kuma ba ya jin lasifika, sai a rubuta masa sunan gari da lokaci a allo, da manyan baƙaƙe, da Hausa.

Wani zai ce duk wannan tsada ne. To ku ji labarin ƙasar Suwizalan, wadda ke cikin masu arzikin duniya. Tashoshinsu tsofaffi ne, an gina su ba a tuna da guragu ba. A 2004 dokarsu ta fara aiki, aka ba masu jirage shekara 20 su gyara. Wa'adi ya cika a ƙarshen 2023, ɗaruruwan tashoshi ba a gama ba. Fasa gini a sake ya fi ginin farko tsada, kowane mai gidan ƙasa ya san haka. Mu namu dogon sabo ne. Ƙarin tsayin dakali ƙasa ce da dutse da siminti. In an sa shi cikin zane tun farko, bai kai komi ba cikin dala miliyar 2.

Kuma ba alfarma ake nema ba, akwai doka. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi yarjejeniya kan haƙƙin naƙasassu a watan Disamba 2006, Nijar ta amince da ita a 2008. Sashe na 9 na yarjejeniyar ya ambaci gine-gine da hanyoyi da abin hawa. A gida ma an yi doka tun 1993 ta kare naƙasassu, aka kuma yi wata a Disamba 2019. Najeriya ta sa hannu a tata a Janairu 2019, ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a da abin hawa. Wato ƙasashen biyu da dogon nan ya haɗa, kowace ta ɗauki alkawari a rubuce. Sai dai takarda ba ta zuba siminti. Sai wani ya ɗauke ta ya kai gaban mai zane.

Wa zai kai? Muna da masu yi. Tun kafin zuwan Nasara garuruwan Hausa na da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, masu magana da yawun mutanensu a fada. Yau kuma ga ƙungiyoyin naƙasassu, da tarayyarsu ta ƙasa baki ɗaya. Ni shawarata, kada a tsaya a kan cewa "a tuna da mu". Wannan kowane babba zai amsa da "in sha Allahu", a yi ta jira. A yi tambaya mai awo. Santimita nawa ne tsayin dakali? Santimita nawa ne daɓen tarago? Keken hannu namu mai ƙafa uku, wanda maƙera ke haɗawa a nan gari, ya fi keken asibiti tsawo, shin ƙofa da lungun tarago za su ɗauke shi? Ban ɗakin cikin jirgi fa? A kuma nemi a kai mai keke da makaho su gwada wurin da kansu kafin a yanka ƙyalle, ba bayan an yanka ba.

A ajinmu mun rubuta waɗannan tambayoyi a takarda, don a kai wa hukumar gari. Ni ban rubuta ba, su suka rubuta, kowa layi ɗaya. Kwana uku muka yi a kai, saboda kalmar santimita ta ba mutane wuya. Dattijon nan dillali ya nace sai an zana tudun lodin shanu a ƙasan takardar, da mota a jingine. Matar nan mai keke ita ta rubuta layin ƙarshe. Ta tambayi ko za a karɓi kuɗin kaya a kan kekenta.