Aljaninmu Mai Faci Ne

Kuɗin da muka harhaɗa ba su isa sayen babur ba, amma muka ɗaura aniyar yin fim ɗin aljanu tsakanin Bodinga da Shagari. Ga abin da na tsira da shi.

1. Aljanin da ido ya gani ya daina ba da tsoro. Mun shafe wani yaro da farar ƙasa, muka lulluɓe shi da likkafani. Ranar da aka haska a gidan kallo, yana fitowa wani ya ɗaga murya daga baya: "Kai, wanga ai mai facin bakin tasha ne!" Ɗaki ya kece da dariya, ni kuwa na sunkuyar da kai kamar mai neman kwabo a ƙasa. Inda aka yi tsit wuri ɗaya ne, inda ake jin daka cikin kango da tsakar dare, ba a ga mai dakan ba. Ko sisi ba mu kashe a kansa ba. Ashe masu *The Blair Witch Project* na Amurka sun riga mu sani tun 1999: har fim ɗin ya ƙare ba su nuna mayyar ba.

2. Kowace tsamiya da masu ita. Muna kafa kyamara gindin wata tsamiya a wajen Shagari, sai wani dattijo ya tsaya. "Yaro, kun yi sallama da masu wurin ga?" Na ce, "Baba, mun gaida mai unguwa." Ya girgiza kai ya wuce. Ba mai unguwa yake nufi ba. Da magariba ta kawo jiki, mai riƙe fitila ya ce uwarsa na kiransa, mai fitowa a boka ya kama karanta Falaƙi da Nasi. Nan na gane abin da muke kira labari, mutanenmu zaman maƙwabtaka suke da shi, har da mu masu ɗaukar.

3. Majalisa ta fi hukuma tacewa. Kano na da hukumar tace finafinai tun 2001, mu kuwa muka ɗauka muna nesa. Amma Bodinga garin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ne, Sifawa da Shehu ya zauna tana kusa. A irin wannan wuri ba ka barin boka ya yi nasara a wuce haka nan. Wani malami ya kira ni gefe ya tambaye ni, cikin natsuwa, wa nake so yara su ɗauka ya fi ƙarfi. Muka sake ƙarshen, ruƙiyya ta kori aljani. Har yau ina ganin na farkon ya fi tsoratarwa, sai dai ban ƙara faɗa a majalisa ba.

4. Suna daban, ciniki daban. Kafin mu buga faifai, masu tura finafinai a waya sun raba fim ɗin har Tambuwal. Kowa ya gani, kowa ya yaba dakan nan. Mai janareta na bin mu bashi har yanzu.