Ya da Zango a Kan Duwatsun Volta

Sunan unguwanninmu Zango, amma mu 'yan Nima da Mamobi mun daɗe da manta yadda ake ya da zango. Kakanninmu fatake, masu zuwa Salaga sayen goro, sun san abin da ake ɗaura wa jaki kafin a bar gida. Mu jikokinsu kuwa, sai da sanyin dutse ya ba mu kashi sannan muka koya.

A hutun Disamba na 2023 muka tashi daga Ankara, malaman makaranta shida da direba, cikin ƙaramar bas. Muka bi ta Tema, muka haye gadar Adomi a Atimpoku, muka nufi Amedzofe, garin da ya fi kowane gari a Gana tudu. Da la'asar muka hau dutsen Gemi, inda aka kafa wani babban gicciye na ƙarfe. Ga ƙauyuka can ƙasa, hazo ya lulluɓe su. Gani ya kori ji.

To, sai dare ya yi. Mu ne muke koya wa yara cewa duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da wajen digiri 6, amma ga mu da rigunan shan iska irin na Nima, hunturu kuma yana busawa. A cikin mota muka kwana. Can tsakar dare wani daga cikinmu ya shigo da murhun gawayi, ya rufe tagogi. Ba a jima ba kawunanmu suka fara sarawa. Allah ya farkar da direba, ya buɗe ƙofofi yana cewa, "Malam, don girman Allah fitar da wutar nan, za ka kashe mu!"

Gaskiyarsa. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari, kuma mai barci ba ya sanin ta kama shi. Kada a kuskura a shigar da shi mota ko tanti. Haka nan kada a kwana da inji a kunne.

Maganin sanyi sutura ce. Kowa ya riƙe bargo, da suwaita, da hular sanyi, da safa ƙafa biyu. Riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai nauyi, domin ana iya ragewa idan rana ta yi. A ƙulle rigar canji cikin leda, saboda rigar da ta jiƙe da gumi ita ke jawo wa mutum sanyi. Mai kwana a ƙasa ya sa kwali ƙarƙashin tabarma. Kada a manta da tocila da batir, da ashana, da man kaɗanya don kaushi, da buta. Ruwan alwalar asuba sai an ɗumama shi, a waje.

Kashegari muka gangara zuwa Liati Wote, gindin Afadjato, kusa da iyakar Togo. Littattafan makaranta sun ba shi tsawon mita 885. Muka biya kuɗin shiga, aka haɗa mu da ɗan jagora. Hanyar tana da tsayi da tsakuwa, wanda ya zo da silifa da rarrafe ya ƙarasa. A sa takalmin kambas mai kama ƙasa, a riƙe sanda, da ruwa lita 2, da guzurin gari da sukari da gyaɗa. A tafi da bandeji da maganin ciwon kai. Wanda ya galabaita, a dama masa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a ruwa lita 1. In maciji ya sari mutum, ban da tsagawa, ban da tsotsa, sai asibiti a Hohoe. A fara hawa da sassafe, kuma kowa ya sauko tare da ayari.

Mun dawo lafiya, alhamdu lillahi. Matasanmu masu shirin zuwa, ku tafi, ƙasar nan tana da kyau. Amma ku naɗa madugu, ya duba kayan kowa tun a gida, kuma ku gaya wa iyaye ranar dawowa. Allah ya kiyaye hanya, amin.